Jinkirin Kamawar Wuta a Injin Dizal: Samfuran Lissafi da Yanayin Ƙasar Daura

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyin da masana ke bi wajen kwaikwayon kamawar wuta da ƙonewar mai a cikin injin dizal ta hanyar lissafi da kwamfuta, sannan ta gwada su da yanayin masarautar Daura. An bi samfuran tun daga mafi sauƙi, wato dabarar lissafi ta layi ɗaya, har zuwa manyan manhajojin da ke bin feshin mai ɗigo-ɗigo a cikin silinda. An ɗauki injin misali, aka lissafa jinkirin kamawar wutarsa a sanyin hunturu da kuma zafin bazara da sanannun dabaru guda uku. Dabarun sun saɓa wa juna: ɗaya ta ba da bambancin kimanin kashi 10 cikin 100 tsakanin yanayin biyu, ɗaya kashi 26, ɗaya kuma kashi 67. Maƙalar ta tsaya a kan cewa abin da ya kamata mu fara da shi a nan shi ne awon man da ake sha, da iskar da inji ke shaƙa, da lafiyar injin kansa. Babbar kwamfuta tana iya jira.

Muhimman kalmomi: injin dizal, jinkirin kamawa, lambar siten, samfurin lissafi, hunturu, Daura.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kai niƙa da sassafe a watan Janairu ya san yadda ake fama. Mai inji zai yi ta juya hannun tayarwa, injin ya yi tari, ya fesar da farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas, ya sake mutuwa. Wani sai ya zuba masa ruwan zafi, wani ya kunna tsumma ya kara a bakin shan iska. In ya tashi kuma, sai a ji shi yana bugu kamar maƙeri a bakin uwar maƙera, har sai jikinsa ya ɗumama. Wannan injin dai, da wannan man, idan aka zo watan Afrilu juyi ɗaya ya ishe shi, amma da zarar an ɗora masa kaya sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe rumfar.

Abin da ya raba safiyar hunturu da ranar bazara yana faruwa ne cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba: tsakanin sa'adda nozul ta fara fesa mai da sa'adda man ya kama wuta. Wannan ɗan tsakani shi masana ke kira jinkirin kamawa, kuma ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Batun bai tsaya kan masu niƙa ba. A ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua, man dizal, wanda muka fi sani da gas, shi ke jan tirelolin da ke bi ta Kwangwalam zuwa Damagaram, shi ke juya taraktocin noma, shi ne kuma abincin janaretocin asibitoci da na turakun sadarwa. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ya ratsa ta Daura. Ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya da aka aza harsashinta a Disambar 2019, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Garin da ya tara waɗannan, wajibi ne ya samu masu fahimtar abin da ke gudana a cikin silinda, ba masu kwance inji da ɗaurawa kaɗai ba.

Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: samfuran lissafin da aka gina a Jamus da Ingila da Amurka, yaya za su yi idan aka ciyar da su da iskar Daura da man Daura?

2.0 Yadda Wuta ke Kamawa Babu Fulogi

Injin fetur yana da fulogi mai ƙyasta wuta a lokacin da aka ƙayyade. Injin da Rudolf Diesel ya samu takardar mallakar fasaharsa a 1893, ya kuma ga ya yi aiki sosai a Augsburg a 1897, ba shi da wannan. Iska zalla fistin ke matsewa, ya mayar da ita kashi ɗaya cikin 14 zuwa 22 na girmanta, har ta yi zafin da idan aka fesa mata mai zai kama da kansa. Ke nan ba wanda ke ba wutar umarni. Nozul tana zaɓar lokacin feshi ne kawai. Lokacin kamawa kuwa sinadaran mai da zafin iska ne ke yanke shi.

Jinkirin kashi biyu ne da ke haɗe da juna. Na farko na zahiri ne: tilas man ya farfashe zuwa ƙananan ɗigo, ɗigon su yi zafi su zama tururi, tururin ya cakuɗa da iska. Na biyu na sinadari ne, kuma a nan aikin yake.

Man dizal dogayen sarƙoƙi ne na kabon da haidurojin. Idan zafi ya kai wajen digiri 650 zuwa 750 a ma'aunin Kelbin, sai a fizge haidurojin guda daga jikin sarƙar, ta zama gutsure mai neman abin kamawa. Gutsuren ya rungumi oksijin, ya naɗe kansa ya sauya fasali, ya sake rungumar oksijin na biyu, sannan ya tarwatse ya haifar da gutsattsari fiye da waɗanda aka fara da su. Wannan hayayyafa tana sakin ɗan zafi kaɗan, abin da ake kira sanyayyar wuta. Abin mamaki shi ne, da zafin ya ƙaru kaɗan sai hanyar ta toshe, domin gutsuren da ya rungumi oksijin yakan sake shi kafin ya kai ga hayayyafa. A wannan zango, tsakanin kimanin digiri 750 zuwa 950 gwargwadon matsi, ƙarin zafi ba ya gaggauta kamawa. Wani lokaci ma jinkirta ta yake yi. A nan sinadarin haidurojin feroksaid ke taruwa a hankali, sai zafi ya doshi digiri 1,000 ya fashe gaba ɗaya, wutar gaske ta tashi. Mai karatu ya riƙe wannan zango a zuciya, za mu dawo gare shi a sashe na 4.

Me ya sa ake damuwa da abin da bai wuce milisakan ɗaya ko biyu ba? Saboda nozul ba ta jiran wuta. Duk man da ta zuba a lokacin jinkiri yana taruwa, ya cakuɗa da iska, ya tashi lokaci guda. In jinkirin ya yi tsawo, tarin ya yi yawa, matsi ya yi tsalle, sai a ji bugun nan na safiyar hunturu. Wannan bugu daban yake da abin da kanikawanmu ke cewa inji ya yi nokin, wato ya ƙone ya cije. In kuma jinkirin ya wuce kima har fistin ya fara sauka, wani man ba ya kamawa sam, ya fita ta salansa a matsayin farin hayaƙi. Bayan wannan tashi na farko sai ƙonewa ta koma bin sawun cakuɗa: wuta na cin mai gwargwadon yadda iska ke isa gare shi. A 1997 John Dec na cibiyar Sandia da ke Amurka ya nuna, ta hanyar haska cikin silinda da hasken leza, cewa kunkunniya tana haifuwa ne a tsakiyar feshin inda mai ya fi iska yawa, ita kuma iskar gubar naitirojin oksaid tana fitowa daga gefen waje inda harshen wuta ya fi zafi. Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta: ƙarfin inji da hayaƙinsa da shan mansa duk a jinkirin kamawa ake fara rubuta su.

Halin mai wajen saurin kamawa ana bayyana shi da lambar siten. Sinadarin siten zalla an ba shi 100, abokin gwajinsa mai taurin kai da ake amfani da shi tun 1962 an ba shi 15. Dokar Tarayyar Turai ba ta yarda a sayar da man mota mai lamba ƙasa da 51 ba, ta Amurka kuma ta tsaya a 40.

3.0 Matakan Samfuran Lissafi

3.1 Dabarar layi ɗaya. Tushen duka shi ne ƙa'idar da Svante Arrhenius ya fitar a 1889, cewa saurin aikin sinadari yana ninkuwa ne da ƙarin zafi, ba tafiyar tsani yake yi ba. A kanta Wolfer ya gina dabararsa a 1938: τ = 0.44 × p^(−1.19) × exp(4650/T), inda τ ke nufin jinkiri a milisakan, p matsi, T kuma zafi a ma'aunin Kelbin. A 1980 Watson da abokan aikinsa suka kawo mai irin wannan siffa da wasu lambobi: τ = 3.45 × p^(−1.02) × exp(2100/T). A 1979 Hardenberg da Hase sun riga sun shigar da abubuwa biyu da waɗancan ba su da su, wato saurin fistin da lambar siten. A wurinsu shingen da sinadari zai tsallake kafin ya kama shi ne 618,840 a raba da jimlar lambar siten da 25.

Sai dai zafi da matsi ba sa tsayawa wuri ɗaya a cikin silinda, domin fistin na tafiya. Livengood da Wu suka warware wannan a 1955 da wata hikima mai kama da adashi: a kowane ɗan taƙi na lokaci sai a zuba rabon da ya dace da zafi da matsin wannan taƙin, wato tsawon taƙin a raba da τ, sa'adda zubin ya cika ɗaya, wuta ta kama. Wannan lissafi ɗalibi na iya yin sa a kwamfutar cinya cikin ƙasa da sakan guda.

Bayan kamawa, akan zana yadda zafi ke fita da lanƙwasar Wiebe, sau da yawa guda biyu a haɗe: ɗaya ta tashin farko, ɗaya ta ƙonewar bin cakuɗa. Zafin da ke zurarewa ta bangon silinda kuma akan ƙiyasta shi da dabarar Woschni ta 1967. Rauninsu ɗaya ne: suna maimaita abin da aka riga aka auna ne, ba sa hango abin da ba a gani ba.

3.2 Samfurin shiyya-shiyya. A 1983 Hiroyasu da abokan aikinsa a Japan suka yanyanka feshin mai zuwa ɗaruruwan ƙunshi, kowane ƙunshi da tururinsa da iskar da ya janyo da nasa agogon kamawa. Da haka aka fara hango kunkunniya da naitirojin oksaid ba tare da an zana dukkan motsin iska ba. Lissafin naitirojin oksaid ɗin har yau a kan tsarin da Zeldovich ya bayyana a 1946 yake tafiya.

3.3 Taƙaitaccen sinadari. Dabarar layi ɗaya ba ta san da sanyayyar wuta ba, ba ta kuma san da zangon da zafi ke daina gaggauta kamawa ba. A 1977 Halstead da Kirsch da Quinn na cibiyar binciken kamfanin Shell a Ingila suka tsara samfuri mai matakai takwas kacal. Ba su bi sunan kowane sinadari ba. Sun tara su ne gida-gida: masu hayayyafa, masu tsaka-tsaki, masu kashe hayayyafa. Don injin fetur aka yi shi, amma a shekarun 1990 Kong da Reitz na Jami'ar Wisconsin suka daidaita shi da dizal, ya zama abin da aka fi jingina da shi na tsawon lokaci.

3.4 Cikakken sinadari. Man dizal na gaske ya ƙunshi ɗaruruwan sinadarai, don haka akan wakilta shi da guda ɗaya ko kaɗan. Wanda aka fi ɗauka shi ne heften mai miƙaƙƙiyar sarƙa, saboda lambar sitensa, kimanin 56, ta yi kusa da ta man kirki. Jadawalin da Curran da abokan aikinsa na cibiyar Lawrence Livermore suka wallafa a 1998 yana da sinadarai fiye da 500 da matakai fiye da 2,000. Na wakilin man tsirrai da Herbinet da Pitz da Westbrook suka fitar a 2008 ya kai sinadarai kusan 3,000. Manhajojin CHEMKIN da Cantera ke warware irin waɗannan, kuma ta biyun kyauta ce.

3.5 Kwaikwayon cikin silinda dukkansa. A nan ana raba cikin silinda zuwa dubban ɗaruruwan gidaje kamar saƙar zuma, a lissafa gudun iska da zafi da sinadarai a kowane gida, a kowane ɗan juyi na kiranshaf. Cibiyar Los Alamos ta fitar da manhajar KIVA a 1985. Yau akwai CONVERGE da AVL FIRE na kuɗi, da OpenFOAM na kyauta. A cikinsu akwai ƙananan samfura na farfashewar ɗigo, irin wanda Reitz ya kawo a 1987, da na yadda hargitsin iska ke iyakance saurin ƙonewa, irin na Magnussen da Hjertager na 1976. Don a tabbatar da gaskiyarsu, masana sun amince da gwaji guda da kowa ke komawa gare shi: feshin sinadarin dodeken ta nozul mai faɗin maikuron 90, da matsin bar 1,500, cikin iska mai zafin digiri 900 a ma'aunin Kelbin da oksijin kashi 15 cikin 100. A lura da wannan: mai tsarkakakke, nozul sabuwa, iska tatacciya.

4.0 Gwaji da Yanayin Daura

Mu ɗauki injin misali mai silinda ɗaya, marar abin cusa iska, mai matsin ninki 17. Daura tana kimanin mita 470 sama da teku, don haka matsin iskarta wajen bar 0.96 ne. Mu ɗauki safiyar hunturu a digiri 15 na Salshiyos, wato 288 a Kelbin, da ranar bazara a digiri 42, wato 315. Don sauƙin lissafi an ajiye ɗumin da iska ke kwasa daga jikin inji kafin bawul ya rufe.

Zafin ƙarshen matsi shi ne zafin farko sau 17^(n−1), matsin ƙarshe kuma matsin farko sau 17^n. Ga injin da ke gudu, n takan kai wajen 1.35. Da wannan, matsin ƙarshe ya zama kimanin bar 44 a yanayin biyu. Zafin ƙarshe kuwa 776 ne a hunturu, 849 a bazara. Abin lura na farko ke nan: bambancin digiri 27 a waje ya koma digiri 73 a ciki. Fistin ba matse iska kaɗai yake yi ba, har bambancin yanayi yana ninkawa.

Da aka zuba waɗannan lambobi cikin dabarun uku, ga abin da ya fito:

- Dabarar Wolfer: milisakan 1.95 a hunturu, 1.17 a bazara. Jinkirin hunturu ya ɗara da kashi 67 cikin 100.
- Dabarar Watson: milisakan 1.09 a hunturu, 0.86 a bazara. Bambancin kashi 26 ne.
- Dabarar Hardenberg da Hase, da mai mai lambar siten 50: bambancin bai wuce kimanin kashi 10 ba.

A injin da ke juyi 2,000 a minti, irin ƙananan injunan China masu tukunyar ruwa a ka da suka cika wuraren niƙa, kowane milisakan daidai yake da digiri 12 na juyin kiranshaf. Ke nan a hunturu Wolfer ya ce wuta za ta kama bayan digiri 23, Watson ya ce bayan 13. Tazarar digiri 10 ba ƙaramar magana ba ce. Bakaniken da ya kuskure taimin da wannan adadi, kunne ma ya isa ya tona shi.

Saɓanin ba ya nufin wani ya yi ƙarya. Kowane ya ɗinka rigarsa ne daidai jikin na'urar da ya gwada da man da ya samu a zamaninsa. Sannan ga abin lura na biyu: 776 da 849 duk sun faɗa cikin zangon nan na 750 zuwa 950 da aka ambata, inda hanyar sanyayyar wuta ke toshewa. Wato injin Daura marar abin cusa iska yana aiki ne daidai inda dabarar layi ɗaya ta fi rauni. Gaskiya ne cewa a cikin feshi na zahiri tururin mai yana sanyaya iskar da ke kewaye da shi, cakuɗa kuma tana ɓoye wani ɓangare na wannan hali. Amma hakan ƙarin dalili ne na cewa amsa ba za ta fito daga takarda kaɗai ba.

Lokacin tayarwa ya fi tsanani. Hannun mutum ko batir mai rauni ba ya juya inji da sauri, don haka iska na samun sararin tsiyaya ta gefen ringi, bangon silinda mai sanyi kuma na shanye zafi. Idan n ta sauka zuwa 1.25, zafin ƙarshe a safiyar hunturu 585 ne kawai, matsin kuma bar 33. Wannan shi ne farin hayaƙin mai niƙa a cikin lambobi. Tsumman wuta da ruwan zafi kuwa, abin da suke yi shi ne ɗaga zafin farko da rage wanda bango ke sha. Kamfanin Lister na Dursley a Ingila ya gane haka tun wajejen 1930: injinsa mai juyi 650 a minti, wanda har yau ake ƙera irinsa a Indiya, yana da wani bawul da ake ɗaurewa don ƙara matsi lokacin tayarwa, a kwance shi bayan inji ya kama.

Bazara kuma da tata matsalar. Masu ƙera inji suna rubuta ƙarfinsa ne bisa iska mai digiri 25 da matsin bar 1. A digiri 42 da bar 0.96, nauyin iskar da silinda ke shaƙa ya ragu da kimanin kashi 9 cikin 100. Famfon mai irin na dā bai san da wannan ba, adadin da ya saba zubawa shi yake zubawa. Ga gajeren jinkiri da bai ba mai damar cakuɗa ba, ga ƙarancin oksijin. Sakamakon kunkunniya ne.

5.0 Abubuwa Uku da Samfuri ke Bukata Daga Gare Mu

Na farko shi ne mai. Injin da ke ƙasar Daura yana iya shan man da ya taso daga matatar Dangote da ke Legas, wadda ta fara fitar da dizal a 2024, ko wanda aka shigo da shi ta teku, ko na matatar SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a Nuwambar 2011. Yana iya shan na gidan mai, yana iya shan na jarkar 'yan bumburutu, inda wani lokaci akan sirka da kananzir. Kowanne da lambar sitensa da kaurinsa da yadda yake tururi. A dabarar Hardenberg da Hase, saukar lamba daga 50 zuwa 40 tana ɗaga shingen kamawa daga 8,251 zuwa 9,521. Wanda ya rubuta 51 a manhaja don haka ya gani a littafi, injin Turai ya kwaikwaya.

Na biyu shi ne iska, kuma ba zafinta kaɗai ba. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, tana toshe matatar iska ta rage matsin farko. In aka cire matatar don inji ya numfasa, kamar yadda wasu ke yi, ƙurar ta shiga ta zama magogi tsakanin ringi da silinda.

Na uku shi ne tsufan inji, wanda ya biyo bayan na biyu. Ringin da ya cinye yana sauke matsi, nozul da ta buɗe tana zubar da manyan ɗigo masu jinkirin tururi. Samfuri yana ɗauka inji sabo ne fil sai an gaya masa akasin haka.

Akwai kuma batun gobe. A baje-kolin Paris na 1900 an tayar da injin dizal da man gyaɗa, kuma ƙasar Hausa ba baƙuwar gyaɗa ba ce. Ɗanyen man tsirrai ya fi dizal kauri wajen ninki goma, shi ya sa feshinsa ke da wuya. Idan aka sarrafa shi da sinadari sai kaurin ya faɗi, lambar siten ta hau. Duk mai son gwada man darbejiya ko na cin-da-zugu a injin niƙa, ba zai tsira da lambobin da aka auna a kan man waken soya na Amurka ba.

6.0 Shawarwari

1. A fara da samfuri mai sauƙi: silinda a matsayin shiyya ɗaya, da adashin Livengood da Wu, da lanƙwasar Wiebe biyu. Ɗalibin shekarar ƙarshe na iya rubuta shi da kansa, ya san abin da kowace lamba ke nufi.
2. A tanadi injin gwaji mai silinda ɗaya irin wanda ake amfani da shi a gari, a sa masa na'urar awon matsin cikin silinda da ta awon juyin kiranshaf. Daga lanƙwasar matsi ake karanta ainihin lokacin kamawa.
3. A maimaita awon a hunturu da bazara da damina, da safe da rana, da man da aka sayo daga wurare daban-daban na masarautar, a kuma aika samfurin kowane mai ɗakin gwaji.
4. Daga sakamakon a fitar da lambobin dabarar jinkiri da suka dace da nan, sannan a gwada su da taƙaitaccen sinadari a Cantera.
5. Sai bayan wannan a shiga OpenFOAM da makamantansa, domin a lokacin akwai awon da za a kama su da shi in sun kauce.
6. A jawo kanikawa da masu niƙa cikin aikin. Launin hayaƙi da sautin inji da suke karantawa bayanai ne. Abin da ya rage a haɗa su da lambobi.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi samfuran kamawar wuta daga layi ɗaya na Wolfer zuwa saƙar zuman KIVA, ta kuma nuna da lissafi mai sauƙi cewa sanannun dabaru uku sun ba da amsa uku a kan tambaya ɗaya: nawa hunturun Daura ke ƙara wa jinkirin kamawa? Kashi 10, ko 26, ko 67? Babu manhajar da za ta raba wannan gardama, komai tsadarta, domin ita ma abin da aka zuba mata take niƙawa. Mai raba ta shi ne inji guda da na'urar awon matsi a kansa, a tayar da shi da asubar Janairu, a sake tayar da shi da azahar ɗin Afrilu, da man da aka sayo a kasuwar Mai'adua. Ranar da aka yi haka, lambar da za ta shiga dabarar za ta zama tamu, kuma za ta amfani Kazaure da Matamaye da Maraɗi, duk inda iska da mai suka yi kama da namu.